Naira Dubu Uku da Abin da Ba Ta Gani: Dalilan da ke Ƙayyade Kuɗin Inshorar Babur a Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin abubuwan da ke sa kuɗin inshorar babur ya hau ko ya sauka, ta kuma auna su da halin da masu babura suke ciki a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato. Abin da ta tsaya a kai shi ne, inshorar da doka ta wajabta kuɗinta ɗaya ne ga kowa, ba ruwanta da shekarun mahayi ko hanyar da yake bi. Wadda kuma take duba waɗannan abubuwa ba ta iso ƙauye ba, in ma ta iso ta fi ƙarfin aljihu. Saboda haka ana nan ana biyan kuɗin haɗari, amma ta wasu ƙofofi da ba su shiga littafin kowane kamfani. Maƙalar ta ba da shawarar a ɗauki tashar 'yan kabu-kabu a matsayin ma'aunin farashi, ta hanyar takaful na rukuni.

Gabatarwa



Wata rana da hantsi ina jiran mota a bakin babbar hanyar da ta ratsa garin Tambuwal, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke jeruwa a inuwar dogon yaro. Wani matashi ya buɗe murfin gefen mashin ɗinsa yana neman sufana, sai ga wata baƙar leda a ɗaure da roba. Ya warware ta don ya ga ko ruwa ya shiga. A ciki akwai rasiɗin saye, da takardar lamba, da wata takarda da ta sha ninki har rubutunta ya fara gogewa. Na ce, "Ƙanena, wannan ta ƙarshe me take yi maka?" Ya dube ni ya ce, "Malam, wagga ta 'yan sanda ta." Takardar inshora ce. A wurinsa aikinta ya ƙare da zarar an duba ta a shinge an miƙo masa.

Ban ga laifinsa ba, kuma amsar tasa ce ta haifi maƙalar nan. Littattafan koyar da inshora suna cewa kuɗin da mutum zai biya yana bin haɗarin da ya shigo da shi. A Ingila, misali, kamfani zai tambayi shekarun mahayi, da girman inji, da unguwar da babur ke kwana, da yawan tafiyar da ake yi a shekara, da tsawon lokacin da mutum ya yi bai nemi diyya ba, sannan ya yanka masa nasa farashi. Tambayar da nake son mu duba ita ce: in aka kawo waɗannan ma'aunai Dogon Daji ta Tambuwal ko Kuchi ta Kebbe, wanne zai yi aiki, wanne zai faɗi, kuma wa ke ɗaukar nauyin abin da suka kasa aunawa? Na dogara da dokoki da sanarwar hukuma, da kuma abin da ido ya gani a tashoshi da gidajen 'yan uwa.

Ƙasar da ake magana a kanta

Tambuwal da Kebbe mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta daga 2003 zuwa 2015, amma ta fuskar hanya sun sha bamban. Tambuwal tana kan babbar kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari, ta wuce Aliero ta faɗa Jega, tafiyar kusan kilomita 100 daga babban birnin jiha. A kan wannan kwalta babur yana goga kafaɗa da tirela da tankar mai da motocin albasa. Kebbe kuwa tana can ciki ta kudu, tana iyaka da Zamfara da Jihar Kabi. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum kusan 225,000, ta ba Kebbe kusan 125,000, alhali Kebbe ta fi faɗin ƙasa. Mutane kaɗan a warwatse cikin ƙasa mai faɗi, ga fadamun Gulbin Zamfara da ke cika da damina, shi ya sa a garuruwa irin su Sangi da Ungushi da Girkau mashin ya zama komai. Shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke kai malami makaranta, shi ke ɗaukar mai naƙuda cikin dare, ita a tsakiya wata dattijuwa a baya tana riƙe da ita.

Haɗarin mahayin Tambuwal na gudu ne da karo. Na mahayin Kebbe na laka ne da yashi da lodi da daji. Duk mai son yanka farashin gaskiya dole ya fara daga wannan bambanci.

Abin da doka ta yanka

Tun dokar 1945, wadda aka gada daga zamanin Turawa, haramun ne a hau abin hawa mai inji a kan hanyar jama'a a Nijeriya ba tare da inshorar da ke kare wanda aka buge ba. Zan kira ta inshorar wanda aka buge, don sunan ya faɗi aikinta: ba ta biyan mahayi komai, ba ta gyara mashin ɗinsa, wanda ya ji wa ciwo ko ya ɓata wa dukiya take biya. A watan Disamba 2022 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da sabon farashi da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023. Ƙaramar motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Keke mai ƙafa uku 5,000. Babur naira 3,000 a shekara, kuma iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya naira miliyan ɗaya, ban da babin rauni da rasa rai. Daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda, ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, ta shiga tilasta dokar a faɗin ƙasa. A shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003.

Naira 3,000 a shekara ta kama naira takwas da 'yan kai a rana. Ɗan kabu-kabu yana kashe fiye da haka a ruwan leda ɗaya. Don haka duk wanda ya ce tsadar wannan inshora ce ta hana mutanenmu saye bai zauna a tasha ba. Matsalar tana ɗaya ɓangaren. Kafin kamfani ya biya diyyar miliyan ɗaya sau guda, sai ya tara kuɗin mahaya 334, kuma wannan kafin a cire albashi da haya da kamasho. Dokar 2003 ta ƙayyade kamashon dillali a inshorar ababen hawa da kashi 12.5 cikin ɗari, wato naira 375 a kan kowane babur. Wane dillali ne zai taso daga Sakkwato ya shiga Kebbe saboda naira 375? Litar mai ɗaya ta fi haka tun bayan cire tallafi a watan Mayu 2023. Arhar takardar ita ta hana mai sayar da ta gaskiya zuwa, ta bar fili ga mai sayar da ta jabu, wanda ba ya biyan diyya, don haka duk abin da ya karɓa riba ce. A ganina wannan shi ne dalili na farko da ke ƙayyade abin da mahayi ke biya a yankin nan: nisan da ke tsakaninsa da ofishin da ke da lasisi. Abin da ke fita daga aljihunsa sau da yawa ya haura 3,000, domin ana cusa inshorar cikin kuɗin "takardu" gaba ɗaya, shi kuma bai san nawa ne na lamba, nawa ne na inshora, nawa ne na wanda ya yi masa zirga-zirga ba.

Ma'aunan kamfani a ƙasar Tambuwal da Kebbe

Inda ma'aunai ke aiki da gaske shi ne a cikakkiyar inshora, wadda ke biyan mai mashin in an sace, ko ya ƙone, ko ya lalace a haɗari. Sanarwar NAICOM ɗin nan ta ce kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar abin hawa ba, bayan an cire duk wani rangwame. Daga wannan ƙasa kamfani ke hawa sama gwargwadon abin da ya gani.

Darajar mashin ita ce ma'auni mafi sauƙi, kuma ita ce ta fi yi wa mahayinmu illa a 'yan shekarun nan. Bajaj Boxer da TVS daga Indiya suke, Jincheng da Haojue daga Sin, ko an haɗa su a Nijeriya kayan daga waje suke zuwa da dala. Da aka saki naira a watan Yuni 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, har sabon mashin ya haura miliyan ɗaya. Mu ɗauki mashin na naira 1,200,000. Kashi biyar ɗinsa 60,000 ne, a biya gaba ɗaya kafin kariya ta fara, domin ƙa'ida ita ce ba biya ba kariya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne. Ana neman ɗan kabu-kabu ya ajiye kusan albashin wata guda na ma'aikaci a rana ɗaya, shi da kuɗinsa ke shigowa ɗari biyu, ɗari uku. Akwai kuma tarkon da faɗuwar naira ta haƙa. Wanda ya yi inshora a kan darajar bara, in aka sace mashin ɗin bana, abin da za a ba shi ba zai sayi sabo ba, ga kuma kason da ake cirewa na tsufa da wanda sharaɗi ya ɗora wa mai mashin ya biya da kansa.

Girman inji, wanda ke da nauyi a Turai, kusan ba shi da tasiri a nan, tunda yawancin mashinan yankin tsakanin sisi 100 ne zuwa 150. Abin da ya kamata a auna shi ne lodi. Mashin ɗin da aka ƙera don mutum biyu yana ɗaukar buhu biyu na gero da kaka, mai hatsin kuma a zaune a kai. An ƙara masa ƙarfe a baya, an sauya masa sifirin, birki kuwa yana nan yadda ya zo daga kamfani. Babu fom ɗin inshora da ke tambayar wannan.

Sai shekarun mahayi da ƙwarewarsa, kuma a nan nake son mu daɗe. A ƙasashen da ake auna shekaru matashi ya fi biya, domin shi ya fi gudu da ganganci. A Nijeriya lasisin babur, rukunin A, sai mai shekara 18. Amma wanda ya je kasuwar ƙauye ya san yaro ɗan shekara 14 yana tuƙa mashin ɗin yayansa, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Da yawa daga manyan ma ba su taɓa riƙe lasisi ba, wasu kuma ranar haihuwar da ke katinsu an yanka ta ne a teburin mai rajista. Mashin ɗaya a gida ɗaya mutum huɗu ke hawansa: maigida da asuba zuwa gona, ɗa da rana yana kabu-kabu, ƙane da yamma zuwa ɗebo ruwa, wani da dare. Shekarun wa kamfani zai rubuta? Wannan ruɗani yana cutar da mutumin kirki fiye da kowa. Akwai dattijan mahaya a Jabo da Sanyinna da suka shekara ashirin a kan mashin ba su taɓa buge ko akuya ba. A ƙasar da ake ajiye tarihi da irin waɗannan sun sami rangwame mai tsoka. A nan ba su da takardar da za ta shaide su, don haka in kamfani zai yanka farashi sai ya haɗa su da ɗan shekara 14, ya yanka na mafi muni. Kamfanin da bai san mutum ba tsoro yake sa wa kuɗi, kuma mai hankali ne ke biyan kuɗin tsoron.

Amfanin da ake yi da mashin ma haka. Takardar inshora tana raba na hawan kai da na haya, kuma wanda ya ce na kansa ne sannan ya ɗauki fasinja don kuɗi ya ba kamfani hujjar ƙin biya. A birni ana iya raba su. A ƙauyen Kebbe manomi ne da damina, ɗan kabu-kabu da rani, ranar kasuwa kuma ko malamin firamare yana iya ɗaukar mutum biyu ya sami na mai. Layin da takarda ta ja bai dace da rayuwar da ake yi ba, kuma ranar neman diyya a kan wannan layi za a kayar da mutum.

Hular kwano ba ta shiga farashin inshorar wanda aka buge, amma tana shiga duk wata kariya ta jikin mahayi da fasinjansa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta ranar 1 ga Janairu 2009. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hular kirki tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, tana rage raunin kai da kashi 69. Ana cewa zafin bazarar Sakkwato, da ke haura digiri 40, shi ya hana a sa ta. Uzuri ne mai ƙarfi, na kuma yarda da shi a kan hular da ta rufe fuska ruf. Amma wanda ya taɓa raka mai raunin kai daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yana riƙe da shi a bayan mota tsawon tafiyar nan, ba zai sake ɗaukar zancen da wasa ba. Nisan asibitin ƙwararru shi kansa ma'auni ne: raunin da za a tare cikin minti talatin a birni yana zama nakasa ko mutuwa in an yi awa uku a hanya, kuma diyyarsa ta ninka.

Daga nan sai sata, wadda ta sauya kama. Da can ɓarawon mashin mai yanke kwaɗo ne a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa. Yanzu a Arewa maso Yamma mashin makami ne. A kansa 'yan bindiga ke kai hari, kuma an sha ba da rahoton suna sa sababbin mashina cikin kuɗin fansa. Wannan ne ya sa a 2019 rundunar soja ta hana hawan babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Sakkwato, a 2021 kuma jihohin yankin suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka, aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Sakkwato. Ƙauyukan Kebbe da ke kusa da iyakar Zamfara sun ɗanɗana wannan masifa. Ga mai lissafin inshora abin yana da fuska biyu. Ta farko, yiwuwar rasa mashin ta ƙaru ƙwarai, kuma ba ɗaya bayan ɗaya ba, a dare guda ana iya kwashe na gari sukutum. Inshora tana rayuwa ne a kan cewa masifa ba ta sauka kan kowa lokaci ɗaya. Ta biyu, takardun inshorar ababen hawa sun saba cire yaƙi da tarzoma da ta'addanci daga abin da suke biya, sai in an sayi ƙari. Mutumin da aka tare a daji aka ƙwace masa mashin da bindiga, fashi aka yi masa ko ta'addanci? Wannan kalma ɗaya tana iya raba shi da diyyarsa. Haɗarin da ya fi damun mahayin Kebbe shi ne wanda takardar ta fi shakkar ɗauka.

Dokar gwamnati ma haɗari ce da ba a lissafa ta. Da Kano ta hana acaɓa a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, dubban mutane sun wayi gari da mashinan da ba za su iya neman abinci da su ba. Wanda ya biya inshorar shekara ba ya samun komai a irin wannan rana.

Inda kuɗin haɗari ke fita

Shekarun baya ɗan yayata ya buge wani dattijo da ke dawowa daga gona da magariba, cikin hazon hunturu, ƙafar dattijon ta karye. Ba a je ofishin 'yan sanda ba. An kai shi gidan mai ɗori, washegari muka taru a zauren mai unguwa. Babban ɗan dattijon ya ce, "Baba ya ce a gaya muku ya yafe, ƙaddara ce, yaron ga ɗanmu ne." Muka yi godiya. Amma yafiya ba ta ɗauke nauyi a wurin mutanen kirki. Mu muka biya mai ɗori, muka kai buhun dawa saboda gonar da ba za ta girbu da hannunsa ba, yayata ta sayar da ragon da take kiwo. 'Yan tashar yaron suka yi karo-karo suka gyara masa mashin. A duk zaman nan ba wanda ya ambaci takardar da ke cikin ledarsa. Daga baya na duba lambar mashin ɗin ta waya a rumbun bayanai na NIID, wanda Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ta kafa don tantance takardu, na tarar babu ita. Wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗi ya buga takarda kawai.

Wannan labari ya nuna cewa inshora tana aiki a ƙasarmu, sunanta ne daban. Dangi ne kamfanin, rago ne ajiyar. Kuma ma'aunan nan da na ce sun faɗi a hannun kamfani suna aiki sarai a wannan kasuwa. Mai mashinan haya ba ya ba kowane yaro makulli. Yana tambayar ɗan gidan wa ne, yana neman mai tsaya masa, yana yanka balas ɗin da za a kawo masa kullum ko mako-mako gwargwadon sabuntar mashin da amincin yaro. Mai sayar da mashin bashi yana ɗora riba mai nauyi, wani ɓangarenta kuwa kuɗin tsoron sata ne. Ɗan kabu-kabu yana ƙara kuɗi in za a shiga daji ko in rana ta faɗi, wani wurin ma ya ce ba ya zuwa ko nawa ne. Duk wannan farashin haɗari ne, an yanka shi da ilimin da kamfani ba shi da shi. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba ne: tukunyar ƙarama ce. Tana ɗaukar karayar ƙafa. Ba ta ɗaukar rai, ba ta ɗaukar ranar da aka kwashe mashina goma a gari ɗaya.

Batun addini

Ba za a yi zancen inshora a ƙasar Shehu a tsallake hukuncinta ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta kuma halatta ta taimakekeniya. Kamfanin farko na wannan tsari an kafa shi a Sudan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yau akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A takaful abin da mutum ya zuba gudummawa ce ga asusun 'yan uwansa, in an sami rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Tunanin ba baƙo ba ne ga ɗalibin fiƙihun Malikiyya, wanda ya karanta cewa diyyar kisan kuskure dangin mai laifi ne ke haɗuwa su ɗauka. Wannan ma yana taɓa farashi kai tsaye. Inda masu tsoron Allah da masu natsuwa suka ƙaurace wa inshora, tukunyar tana raguwa, kuma ƙaramar tukunya dole kason kowa ya yi nauyi.

Tasha a matsayin ma'auni

Indiya, inda Boxer ya fito, ta bi wata hanya. Gwamnati ce ke yanka kuɗin inshorar wanda aka buge a matakai huɗu bisa girman inji, kuma tun Satumba 2018, bisa umarnin Kotun Ƙoli, sabon babur ba ya barin shago sai da irin wannan inshora ta shekara biyar. Wannan dabara za ta yi mana amfani. Naira 15,000 a kan mashin na sama da miliyan ba za ta hana ciniki ba, kuma dilan mashin a Sakkwato ko Jega ya fi sauƙin sa wa ido fiye da dubban mahaya a ƙauyuka. Za ta kashe kasuwar takardar jabu daga tushe.

Amma kariyar mahayin kansa da mashin ɗinsa tana buƙatar wanda ya san shi, kuma wanda ya san shi yana zaune a kan benci a tasha. Shugaban tasha ya san wanda ke shan ƙwaya, da wanda ke ba yaro makulli, da wanda ke shiga daji da dare, da wanda bai taɓa faɗuwa ba. Yana karɓar kuɗin tikiti kullum. Abubuwa ukun da kamfani ya rasa, wato tarihin mahayi, da hanyar karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan, da shaidar da za ta tabbatar haɗari ya auku, duk suna hannunsa. In mashin na 1,200,000 zai ci 60,000 a shekara, hakan naira 165 ne a rana, abin da za a iya ɗorawa kan tikiti in tsarin ƙaramar inshora, wanda NAICOM ta sabunta ƙa'idojinsa a 2018, ya ba da damar biya daki-daki. Kamfanin takaful zai yi yarjejeniya da tasha gaba ɗaya, ya yanka mata farashi bisa littafinta. Tashar da ta hana ƙananan yara hawa, ta kuma tilasta hular kwano, rararta za ta ƙaru, kuma kowa zai ga kuɗin a hannunsa.

Na san inda za a soke ni. Shugabancin tasha yana iya zama na son kai, kuɗin ƙungiya ya sha salwanta, kuma mahayan da suka fi shiga haɗari, na ƙauyukan bakin daji, su ne za a yanka wa mafi tsada ko a ƙi su. Biyun farko ana iya rage su in kuɗin na tafiya ta waya kai tsaye zuwa kamfani, kowane mahayi yana samun saƙon shaida. Na uku ya fi ƙarfin kamfani. Asarar da rashin tsaro ya jawo nauyin hukuma ce, kuma sai gwamnatin jiha ta tsaya a bayan wannan kaso kafin wani kamfani ya yarda ya rubuta sunan Ungushi a takardarsa.

Aikin da za a iya farawa gobe ba ya buƙatar kamfani ko gwamnati. Littafi ne mai layi, ɗaya a wata tasha a Tambuwal, ɗaya a Kebbe, a riƙa rubuta kowace faɗuwa da kowane karo da kowace sata: ranar, da wurin, da shekarun mahayi, da abin da ke kan mashin, da abin da aka kashe, da wanda ya biya. Ina roƙon sassan nazarin tattalin arziki da lissafi na jami'o'inmu na Sakkwato da Aliero su ba ɗalibai biyu wannan aiki na damina ɗaya da rani ɗaya.